Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu a Riyad

Na san abin da aka riƙa faɗa muku a gidan Baffa Mamman tun kuna ƙanana: wai uwarku ce ta jawo aka koro mu daga Saudiyya, wai ta ɗaure wa arna gindi ta zubar da abincin 'ya'yanta. Ina ji ina yin shiru, saboda mahaifinku yana raye kuma ba zan buɗe baki in taɓa yayansa a gabansa ba. Yanzu su biyun duk sun koma, Allah ya jiƙansu, ni ma gwiwoyina sun fara ƙin ɗaukata. Don haka ku ji daga bakin wadda aka yi abin a gabanta. Ba kare kaina nake yi ba. Ina so ne kawai in an tashi ba da labarina a bayar da shi daidai.

A lokacin muna zaune a unguwar Jaradiya a Riyad, hawa na biyu, ciki biyu da falo, a wani gida da na'urar sanyinsa ke ƙara kamar injin niƙa. Ni sista ce a ɗakin haihuwa na wani asibitin kuɗi kusa da kasuwar Batha, mahaifinku kuma yana ɗakin gwajin jini a asibitin. Kafilinmu ɗaya ne, wato mai asibitin. Da sunansa aka yi mana igama, takardar zaman ƙasa, fasfo ɗinmu kuwa yana kulle a durowar mudir, manajan da ke gudanar masa da komai. Duk ranar da ya ga dama zai iya cewa mu tattara. Kai Sani kana da shekara biyar, kana jin Larabci fiye da Hausa, ke Bilki kina goye. Saboda ku ne muka ɗauko Inna, kakarku ta wajen uba, daga Funtuwa ta zo ta riƙe mana ku.

Nas-nas ɗin da ke ƙarƙashina kusan duk 'yan Filifin ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, da farko na raina su. Ko tsawa aka daka musu sai su yi murmushi su sunkuyar da kai. Na ɗauka mutane ne marasa zuciya, irin waɗanda neman abinci ya cire wa fushi. Suna kwana a masaukin asibiti, su huɗu-huɗu a ɗaki, ba sa fita sai ranar Juma'a da motar asibiti ke kai su Batha cikin baƙar abaya. Can za su sayo busasshen kifinsu mai wari, su aika wa gida kaset ɗin da suka ɗauki muryarsu, su dawo da sabulu da takalman yara su zuba a wani ƙaton kwali da kowacce ke ajiyewa a ƙarƙashin gadonta. Shekara guda ake yi ana cika kwalin nan kafin a aika shi, kuma babu wanda ake mantawa da shi, har 'yar maƙwabta da ta yi wa uwarsu wanki.

Babbarsu ita ce Luz. Ta girme ni da kusan shekara goma, gajeriya, mai furfura a gaban goshi. Duk suna ce mata Ate, wato Yaya, don a wurinsu ba a kiran wanda ya girme ka da sunansa gatsal. Ba a daɗe ba ni ma na zama Ate Hawa. Da Turanci muke magana. Ranar da na tambaye ta ma'anar sunanta, sai ta ajiye cokali ta ce:

"Cikakkensa Luzviminda. Ƙasarmu tsibirai ce barkatai, kashi uku: na arewa, na tsakiya, na kudu. Babana ya yanko kan sunan kowanne ya haɗa ya raɗa mini. Mu da yawa ne masu sunan. Kin ga ko faɗa ake yi a gida ba ni da ɓangaren da zan shiga."

Ba sa iya cin abinci mutum yana kallo. Ko shinkafa cokali uku ce sai an ce ka zo ka ci, in ka ƙi kuma a ji haushi. Na ce a raina, ashe ba mu kaɗai ba ne. Wata Juma'a na nemi izini na kawo su gida su biyar na yi musu tuwo da miyar kuka. Suna shigowa suka ga Inna a kan darduma, sai Luz ta rusuna ta kama hannunta na dama ta ɗora a goshinta. Inna ta fizge hannu ta ja da baya.

"Kulu, me take nema? Zazzaɓi take ji?"

Na tambaya, Luz ta ce haka ake gaida tsoho a garinsu, albarka ake nema. Da na fassara, Inna ta miƙa hannun da kanta, suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Bayan sun tafi ta ce mini, "Waɗannan an haife su a gida. Allah ya shirye su." Daga ranar ba ta sake cewa suna warin kifi ba.

Cikin biyar ɗin nan akwai Tess, ƙaramarsu, ba ta fi ashirin da huɗu ba. Ita ce ta fari a gidansu, ita ke riƙe da karatun ƙannenta. Tana da hannun karɓar haihuwa, tana kuma rera waƙa ƙasa-ƙasa in tana wa jarirai wanka. Wata ranar Asabar ta zo mini tana dafe da cikinta ta gefen dama. Na taɓa, na ga yadda ta zabura, na rubuta a littafin rahoton ɗaki cewa tana bukatar likita ya duba ta kuma a ba ta hutu. A asibitin nan ma'aikaci ba ya ganin likita sai da takardar mudir. Na kai masa da kaina. Ya ce ma'aikata sun yi ƙaranci, ta sha ƙwaya. Lahadi na sake rubutawa, na sake zuwa. Litinin na je har sau biyu, ya ce mini, "Sista, waɗannan duk haka suke, in suna son hutu sai ciwon ciki." Ranar Talata bayan azahar ta faɗi a gaban tebur da faranti a hannunta. Kafin a shiga da ita tiyata afendis ɗinta ya riga ya fashe. Ta kwana biyu ta cika. Nas ce, a cikin asibiti, likitan tiyata yana hawa ɗaya a samanta.

Ina da laifi a ciki kuma ban taɓa musunsa ba. Da na ja hannunta ranar Lahadi na kai ta wurin likita ba tare da takardar kowa ba, da wataƙila wani labarin nake ba ku. Tsoron mudir ya hana ni. Wannan tsoron ne na yi rantsuwa ba zan sake bari ya yanke mini shawara ba.

Washegari aka sanar da cewa za a binne ta a wani wuri a bayan gari inda ake kai waɗanda ba Musulmi ba. Luz ta ce a'a, gida za a kai ta. Mudir ya ce ba zai sa hannu a takardun fitar da gawa ba, in sun ƙi to ta yi ta zama a ɗakin sanyi. Ni kuwa, da tarbiyyar da na tashi da ita, gani nake jinkirta gawa azaba ce. Na sami Luz a ɗakin canza kaya na ce mata ƙasa duk ta Allah ce, a rufa wa yarinyar nan asiri a huta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ate Hawa, a wurinku wanda aka binne an gama da shi sai addu'a, na sani, kuma ban ce ba daidai ba ne. Mu ba haka muke ba. Duk shekara akwai ranar da gari gaba ɗaya ke tafiya maƙabarta. A share kabari, a yi masa fenti, a kunna kyandir, a shimfiɗa tabarma a ci abinci a wurin, a nuna wa yara a ce ga kakarku. Uwar Tess ina za ta je ranar? Ta zauna a gida tana kallon maƙwabta suna wucewa da furanni? Mun yarda mu wanke marasa lafiyar kowa a duniya, mun yarda a kira mu da duk sunan da aka ga dama. Amma ba ma barin namu a ƙasar da ba wanda zai zo ya kira sunansa."

Na ce, "To in ya ƙi fa?"

Ta ce, "Sai mu tsaya."

A 'yan makonnin nan ne labari ya zo daga Manila, babban birnin ƙasarsu, cewa mutane sun cika titi, mata da maza da tsofaffi, sun tsaya a gaban motocin yaƙi ba makami a hannunsu, har shugaban da ya daɗe yana danne su ya bar ƙasar. Na ga yadda suka riƙa taruwa a kan ƙaramar rediyo lokacin cin abinci, suna kuka suna dariya. Yajin aiki haramun ne a Saudiyya, kuma ba su yi ba. Ba majinyacin da ya rasa allurarsa ko da minti ɗaya. Abin da suka yi shi ne, kowace safiya kafin a karɓi aiki sai su jeru a barandar ofishin mudir, su fi talatin, kowacce da baƙin ƙyalle a hannun riga. Ba magana, ba kuka. Ya zo ya wuce ta tsakiyarsu, su bi shi da ido, in lokaci ya yi kowacce ta tafi ɗakinta. Murmushin nan kuwa aka ɗauke shi gaba ɗaya. Sai a lokacin na gane ashe kyauta suke ba mu, ba dole ba ce. Asibitin ya zama kamar gidan makoki, har matan Larabawa masu zuwa awo suka fara tambaya me ya faru.

Luz ta samu ta aika wa ofishin jakadancinsu, aka ce za a turo jami'i ya ji yadda aka yi. Kwana biyu kafin zuwansa littafin rahoton ɗakina ya ɓace. Da la'asar mudir ya kira ni. Ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya turo mini takarda an buga ta da keken rubutu. An rubuta cewa marigayiya ba ta taɓa kawo ƙarar rashin lafiya ba, ta ɓoye ciwonta har ya kashe ta. Ƙasan takardar ga sunana, ga wurin sa hannu.

"Sista Hawwa, ke 'yar uwarmu ce, Musulma. Me ya haɗa ki da su? Sa hannu, halas, shi ke nan, a wuce wurin. Kwantiraginki da na mijinki saura wata uku, kuma ni nake kai wa mai gida sunayen waɗanda za a sabunta."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ba don ina shakka ba, sai don wuyan da za a yanka ba nawa ba ne ni kaɗai.

Bayan magariba na faɗa wa mahaifinku a falo, Inna tana gefe tana ba Bilki koko. Ya saurara har na gama, ya cire tabaransa ya goge, ya mayar. Ku sani mahaifinku ba mugu ba ne. Ya sayi fili a Funtuwa an fara gini ya kai linta, yana riƙe da gidan yayansa da na ƙannensa mata biyu, kuma a gida a lokacin ana ta sallamar ma'aikata. Abin da yake gani ke nan.

"Kulu, yarinyar nan ta mutu. Sa hannunki ko rashinsa ba zai tashe ta ba. Kina so mu koma mu ce wa mutane me?"

"Malam, sau huɗu na je ofishin mutumin nan. Ƙafata ta sani."

"Allah ma ya sani. Ya ishe ki shaida."

"Shi ya sa ba zan rubuta akasin abin da ya sani ba."

Ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce mutanen nan suna da ƙasarsu da jakadansu, su suka san yadda za su yi, mu wa muke da shi? Ya ce in na ƙi sa hannu to in sani da hannuna na rushe ginin nan. Sai ya juya wajen Inna, yana zaton za ta tsawatar mini. Inna ta goge wa Bilki baki da gefen zaninta, ba ta kalli ɗayanmu ba.

"Wacce ce a cikinsu? Mai ɗan wushiryar nan da ta ƙara tuwo?"

Na ce ita ce.

"Uwarta na da rai?"

Na ce tana da rai.

"To ni dai, Sale, ban aike ka ƙasa mai tsarki ka koyo shaidar zur ba. Gidan da kake ginawa kuwa ba ni zan kwana a ciki ba, ɗakina na ƙasa ya ishe ni. Ku kuka sani."

Ta ɗauki Bilki ta shige ciki. Mahaifinku bai ce in sa hannu ba, bai ce kar in sa ba, kuma na san shirun nan ba yarda ba ce. Wannan shi ne gaskiyar abin da ya faru a falon, duk wanda ya ce muku na yi gaban kaina ba tare da sanin mijina ba, bai kasance a wurin ba.

Da safe na iso asibiti na tarar da su a jere a baranda. Na wuce su na shiga ofis, na ajiye wa mudir takardarsa yadda ya ba ni. Ya ce in yi tunanin 'ya'yana. Na ce masa da su na kwana a raina. Da na fito, maimakon in wuce ɗakina, sai na tsaya a ƙarshen layin, kusa da wata 'yar siririya mai aikin ɗakin yara. Ba ta juyo ba, ta dai matsa ta ba ni wuri. Ni kaɗai ce baƙar fata a layin, ni kaɗai ce mai kallabi, kuma ina ganin 'yan uwanmu 'yan Najeriya biyu suna wucewa suna kawar da kai. Ban yi addu'arsu ba, ba su kuma nemi in yi ba. Tsayuwa kawai na yi.

Da jami'in ya zo, mudir ya ce masa littafi ya ɓace. Luz ta ce akwai wadda ta rubuta littafin. Aka kira ni, na faɗi komai, rana da rana, har da kalmomin da aka faɗa mini a ofis, na rubuta da hannuna na sa hannu a ƙasa. Magana ta kai kunnen mai asibitin, shi kuma ba ya son sunansa ya fita a irin wannan. Cikin sati biyu aka kammala takardu. Ranar da aka fito da akwatin, nas-nas ɗin ba su bari leburori su taɓa shi ba, su suka ɗauka a kafaɗa daga ɗakin sanyi har bakin mota, suna karɓa-karɓa don kowacce ta samu ta sa hannu. Tess ta koma garinsu, aka binne ta kusa da kakanta.

Mu kuma aka buga mana bizar fita ba dawowa, ni da mahaifinku da Luz. Mudir ya ci gaba da zama a kujerarsa, ban ji an ce an taɓa shi ba. Wata ɗaya aka ba mu. Mahaifinku ya daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. 'Yan uwanmu da muke zumunci da su suka ɗauke ƙafa, don kowa igamarsa yake ji. Ana saura kwana uku mu tashi, kayanmu ko rabi ban haɗa ba, ga yara biyu ga tsohuwa. Ranar Juma'a da hantsi sai na ji ana buga ƙofa. Ashe nas-nas ɗin ne, motar asibiti ta sauke su a Batha kamar kullum, suka bar kasuwar suka yo hayar motoci zuwa Jaradiya, suka zo da kwalaye da igiya da tukunyar taliya. Har da maza huɗu 'yan ƙasarsu masu gyaran lantarki, waɗanda ban taɓa gani ba. Kafin azahar an naɗe komai, an ɗaure, an rubuta suna, an sauko da shi ƙasa. Mahaifinku yana tsaye a bakin ƙofa, ya rasa abin da zai ɗauka. Ya ce wa Luz ba sai sun wahalar da kansu ba. Ta ce masa:

"A ƙauyenmu in mutum zai tashi, ba kayansa ake kwashewa ba. Gidan na gora ne, sai maƙwabta su zura sanduna a ƙarƙashi su ɗaga shi gaba ɗaya a kafaɗa su kai masa inda zai koma. Naku na siminti ne, ya fi ƙarfinmu. Wannan kawai muka iya."

Muka dawo Funtuwa. Ginin nan bai wuce linta ba, daga baya aka sayar da shi. Mahaifinku ya yi kusan shekara biyu ba aiki kafin ya samu a wani ƙaramin asibiti, ni na koma karɓar haihuwa a asibitin gwamnati. Kai Sani an fitar da kai daga makarantar da muka so maka, kuma na san har yau kana jin abin. Ban ce ba ku biya ba. Kun biya abin da ba ku kuka saya ba, wannan kam ina roƙonku ku yafe mini. Luz ta rubuto mini wasiƙa uku daga wata ƙasar da ta sake samun aiki, daga nan muka ɓace wa juna.

Mahaifinku ya huce a hankali, muka zauna lafiya shekara talatin da wani abu bayan haka. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Na ba shi haƙuri a kan abubuwa da yawa a zamanmu, wasu da laifina, wasu ba laifina, na durƙusa na ce ya yi haƙuri don a zauna lafiya. A kan wannan kuwa ban taɓa ba shi ba. Ya jira, na san ya jira, kuma ya tafi bai ji ba.